Rantsuwar Kawu Manu

Sau uku na rubuta jarrabawar shiga jami'a, sau ukun kuma abu ɗaya na cike: karatun likitan haƙori. Ƙawayena har sun gaji da yi mini tsiya, wai me na gani a bakin mutane da nake so in ƙare rayuwata ina leƙe a ciki. Ni dai na san abin da na gani. Ina 'yar shekara tara na raka Inna Rabi kasuwar Maigatari wata ranar Alhamis, kuncinta ya kumbura suntum, wani mutum mai tabarma da kwalabe ya zaunar da ita a ƙasa ya sa filaya ya fizgi haƙorin. Rabin haƙorin ya fita, rabi ya zauna. Wata biyu ta yi ba ta iya tauna ko tuwo.

A karo na uku, shekarar da aka rufe boda, na ci maki ɗari biyu da sittin da takwas. Bai kai in shiga layin da 'yan ƙasa duka ke gogayya ba, amma jami'ar tana ware 'yan gurabe kaɗan ga 'yan asalin jihohin da ke kusa da ita, a layin 'yan Jigawa kuwa ni ce ta biyu. Saƙo ya shigo wayata ranar Litinin, wai in kai kaina wurin tantancewa kafin ƙarfe huɗu na Juma'ar mako mai zuwa, da takarduna duka, har da takardar shaidar asali, wadda kowa ke kira indijin. Kwana goma sha ɗaya ke nan. Har dariya na yi. Takardar da yaran unguwarmu ke karɓowa tsakanin hantsi da azahar ita ce za ta tsayar da ni?

Baba, wato Alhaji Barau mijin Inna, dillali ne a kara, wato kasuwar shanu. Tun kafin a kai ko'ina ya gama shelanta wa duk wanda ke kara cewa ɗiyarsa za ta zama lokotoron haƙora. Haka yake faɗa, lokotoro, don shi mutumin wani ƙauye ne a bayan Dungas, cikin Nijar. Yana saurayi ya biyo garken shanu ya shigo Maigatari, bai sake komawa da zama ba. Shekara talatin da bakwai, amma har yau makaranta lakwal ce a bakinsa.

A nan dole in faɗi abin da kowa a danginmu ya sani, babu kuma mai faɗa. Inna Rabi ba ta taɓa haihuwa ba. Ƙanenta Manu, manomi a wata unguwa da ke gefen Ɗanzomo, shi ya haife ni, ni ce 'yarsa ta fari. Ranar da aka yaye ni Inna ta je ta goyo ni ta taho, shi ke nan, ba takarda, ba shaida, ba ma wanda ya ce an bayar. Da na isa shiga firamare Baba ya ɗora ni a babur ya kai ni, hedimasta ya san shi, bai tambayi komai ba ya rubuta Rayhana Barau. Sunan ya bi ni daga wannan rajista zuwa kowace takarda da na mallaka. Wanda ya haife ni kuwa Kawu nake ce masa, tunda ƙanen Innata ne. Shi kuma, saboda kunyar ɗan fari irin ta mutanenmu, bai taɓa kiran sunana ba. In na je gaishe shi sai ya dubi katanga ya ce, “Mutanen Maigatari, an zo lafiya?”

Ranar Talata da safe Baba ya sa babbar riga muka tafi gidan mai unguwa, wanda suke sahu ɗaya a masallaci tun kafin a haife ni. Na durƙusa na gaishe shi, ya sa mini albarka, ya karɓi fom ɗin yana murmushi. Da ya kai tsakiyar shafi sai murmushin ya tafi.

“Alhaji,” ya ce, “kai ma ka san ba zan ƙi ka ba. Amma dubi nan. Garin mahaifi, garin kaka na wajen uba. Me zan rubuta? In na sa Maigatari, kaf garin nan an san ƙarya na yi. Da can ne a kau da kai. Bana da bodar nan take rufe, duk sa hannun da na yi sai an bi diddiginsa.”

Baba ya ce, “Mai unguwa, nan na yi aure. Nan na binne uwata.”

“Na sani, da ni aka ɗauki makararta. Amma takardar nan ba ta tambayi inda mutum ya zauna ba, inda ya fito take tambaya.” Ya dube ni, ya dubi Baba, sannan ya rage murya kamar mai faɗin abin kunya. “Ai ma abin bai kai nan ba. Yarinyar nan ba 'yar Manu na Ɗanzomo ba ce? Su kam tun kaka da kakanni suna nan. Ta je can, a yini ɗaya za a ba ta.”

Shekarata ashirin da ɗaya, ban taɓa jin an faɗi maganar nan a gaban Baba ba. Ya cire hularsa, ya leƙa cikinta kamar ya ajiye wani abu, ya mayar. Ya ce, “Haka ne.” Da muka iso gida, a bakin ƙofa ya ce, “Gobe ki tafi Ɗanzomo. Ki gaida kawunki.”

Na ji tausayinsa, amma ba zan yi ƙarya ba, tausayin bai hana ni lissafin kwanaki ba. Saura goma.

Ranar Laraba na hau mota zuwa Gumel, daga nan babur ya kai ni Ɗanzomo. Dagacinsu ya karɓe ni hannu bibbiyu. Ya jero mini kakannina har biyar, ya nuna mini da sanda wajen da rijiyar kakan kakana take, ya sa aka rubuta mini wasiƙa ya buga hatimi. A wasiƙar an sa Rayhana Manu. Na kwana a gidan Kawu raina fes, ina ganin an gama.

Washegari na isa sakatariya a Sule Tankarkar tun kafin a gama share ofis. Ma'aikacin da ke kan takardun, wani mai sanyin magana da ake kira Malam Habibullah, ya jera wasiƙar dagaci da sakamakon jarrabawata da katin ɗan ƙasa a kan tebur, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Malama, ni mutum biyu nake gani a nan. Ga Rayhana Manu 'yar Ɗanzomo, ba ta da jarrabawa. Ga Rayhana Barau mai jarrabawa, ba ta da gari. Wacce zan ba takarda?”

Na kwashe labarin riƙo na faɗa masa. Ya ce ya gane, shi ma gwaggonsa ce ta riƙe shi. Amma ko ya ba ni da sunan Manu, a jami'a za su ce ba ni ba ce. Hanya ɗaya ce: mahaifina ya je kotu a Gumel da ƙafarsa, ya rantse cewa Rayhana Barau 'yarsa ce ta cikinsa, Barau riƙo kawai ya yi. In na kawo wannan, zai rubuta takardar da sunan da ke kan jarrabawata, a haɗa da rantsuwar. Ya ce aikin awa ɗaya ne. Har godiya na yi masa, ni mara wayo.

Na sami Kawu a gona bayan azahar, yana yankan riɗi. Wanda ya san riɗi ya san ba ya jira, in ya nuna aka yi jinkiri sai ya fashe ya zube a ƙasa. Yana sunkuye da lauje, yana ɗaure dammuna yana jingina su a tsaye. Na tsuguna a bakin wata kunyar riɗi na yi masa bayani tiryan-tiryan. Bai ɗago ba har na gama.

Ya ce, “A gaida mutanen Maigatari. A ce musu wannan ba za ta yiwu ba.”

“Kawu, magana ce guda ɗaya. Awa ɗaya.”

“Yaya Rabi na da rai, Alhaji na da rai, in tashi in je gaban hukuma in ce abin da ke hannunsu nawa ne? Wa ya taɓa yin haka a gidanmu?”

“Ai gaskiya ce za ka faɗa!”

“Ba kowace gaskiya mutum ke tsayawa a kotu ya faɗa ba.”

Nan raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi a gaban babba ba. Na miƙe tsaye na ce, “Kai ne ubana. Kai ka haife ni. Shekara uku ina wahalar abin nan, ka taimake ni sau ɗaya a rayuwarka.”

Da na watsa masa ruwan zafi da ya fi masa sauƙi. Ya saki laujen, ya juya mini baya, ya nufi can ƙarshen gonar da sauri kamar wanda ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Na tsaya ina kuka a cikin riɗi, ba wanda ya kula ni. Da na koma gidan ɗaukar jakata, Ummu matarsa, wadda ta haife ni, ta ƙulla mini gyaɗa a leda ta miƙo ba tare da ta dube ni ba. Ta ce, “Ke 'yar nan, ki bi a hankali.” Iyakar abin da ta ce ke nan.

Da na faɗa wa Baba yadda aka yi, sai ya ce shi zai je da kansa. Asabar muka tafi tare. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka kawo fura, ni kuma na rakuɓe daga bakin ƙofa ta ciki. Gaisuwa kaɗai ta ci kusan rabin awa: gida, gona, damina, shanu, boda, ciwon gwiwa. Ina zaune kamar in fashe.

Can Baba ya ce, “Manu, roƙo na zo yi. Ka daure ka je Gumel ka yi rantsuwar nan.”

Kawu ya ajiye ludayi. “Alhaji, laifin me muka yi muku? In yarinya ta yi rashin kunya ku hukunta ta, taku ce.”

“Ba ta yi komai ba. Ɗiya ce ta gari.”

“To don me ake dawo mana da ita?”

“Subhanallahi, wa ya ce dawowa? Takarda ce kawai, ta lakwal.”

“Alhaji, abin da aka rubuta a kotu yana nan ko bayan ranmu. Jikoki za su karanta cewa Manu ya ba yayarsa 'ya, da ta girma ta zama mutum ya koma ya ce tasa ce. Kai ka ci kashinta da fitsarinta, kai ka kai ta makaranta, yanzu da za a ce likita sai a ce 'yar Manu? Wallahi ban iya ba.”

Baba ya ce shi ya yafe, shi ya roƙa. Kawu ya ce ai wannan yafewar ce ta sa ba zai iya ba, don mutumin da ya kai haka kirki ba a yi masa haka. Baba ya ce Manu ya fi shi kirki, tunda shi ya bayar tun farko. Haka suka yi ta tura wa juna ni, kowa na rantsuwa ɗan'uwansa ya fi cancanta, kamar mutum biyu da suka haɗu a ƙofar masallaci kowa na cewa bismilla. Da gaba suke yi da juna da abin ya zo mini da sauƙi, sai in san wanda zan tsana. Amma mutunci ne, zallarsa, shi ya hau kaina ya zauna. Muka koma Maigatari hannu rabbana, saura kwana shida.

Lahadi Baba ya aika a roƙi limamin unguwar su Kawu ya sa baki. Liman ya ce shari'a ma tana bayan yarinya, ɗa na ubansa ne, zai yi masa magana. Kafin ya yi, a ranar aka yi rasuwa a maƙwabtansu, aka shiga zaman makoki. Wa zai ta da maganar kotu a wurin gaisuwar mutuwa? Litinin ta wuce haka nan. Sai Talata da hantsi saƙo ya iso: Kawu ya ce shi ba Alhaji ya ba wa 'ya ba, Yaya Rabi ya ba. In ita ta zo ta ce da bakinta ya je, zai je.

Na san abin da ya sa ya faɗi haka. Ya tabbata ba za ta iya ba.

Duk kwanakin nan Inna ba ta ce komai a kan maganar ba, ni ma ban tambaye ta ba. Kullum tana tsakar gida da buhun zoɓo da take tsincewa ana kai wa 'yan kasuwa, yatsunta sun yi jawur. In na dawo daga yawon ofisoshi sai ta ce, “Auta, ga abincinki can,” ta ci gaba da aikinta. Auta take ce mini, alhali ni ce ta fari ni ce ta ƙarshe. Ranar Talatar, bayan la'asar, na zauna kusa da ita na faɗa mata saƙon Kawu. Ba ta daina tsintar ba.

Na ce, “Inna, saura kwana uku. In wannan ta wuce ni ban san ko zan sake samun makin nan ba.”

Ta ɗebo wani zoɓon daga buhu ta ci gaba da tsinta.

“Inna, ba abin da zai canja. Ni taki ce. Baki kawai za ki buɗe.”

Ta ɗago ta dube ni, irin duban da ban taɓa gani a idonta ba. Ta ce, “Baki kawai.” Sannan ta kakkaɓe zaninta ta ce, “Na ji. Allah ya kai mu goben.”

Ranar Laraba Inna ta fito da atamfar da take ajiye wa biki, ta yafa babban mayafi, muka kama hanya mu biyu. A mota carbinta kawai take ja. Da muka isa ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ba ta ma zauna a tabarmar da Ummu ta shimfiɗa ba. Ta sa aka kira Kawu daga gona. Ya shigo tsakar gida da ƙurar riɗi a jikinsa, ya durƙusa zai gaishe ta, matan gidan duk sun fito suna kallo.

Ta ce, “Manu, ka ce sai na faɗa da bakina. To ga ni. Ban haifi yarinyar nan ba. Ban taɓa haihuwa ba, kowa ya sani. Taka ce, kai da Ummu. Tashi ka je ka faɗa musu.”

Muryarta ba ta yi rawa ba ko kaɗan. Ummu ce ta sa gefen zani ta rufe fuska ta shige ɗaki. Kawu ya daɗe a durƙushe, kansa a ƙasa, sannan ya ce, “To, Yaya.” Ni kuwa, Allah ya yafe mini, abin da na fara ji a raina daɗi ne. Na ce alhamdu lillahi a zuci, na duba agogon wayata. Sai daga baya, a hanyar komawa, da na ga yadda ta jingina kai da gilashin mota ta rufe ido, kunya ta kama ni. Ko a lokacin ban ba ta haƙuri ba, don ban san ta inda zan fara ba.

Alhamis muka haɗu da Kawu a Gumel. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zo da wuri, amma ya zauna a benci nesa da ni kamar ba tare muke ba. Layi ya yi tsawo, sai bayan azahar aka kira mu. Magatakardan ya ɗauki biro ya tambayi sunansa da garinsa da sana'arsa, ya amsa. Sannan ya ce, “Sunan 'yar taka?”

Kawu ya nuna ni da haɓa. “Ga ta nan.”

Magatakardan ya ce masa, “Na gan ta, Baba. Sunanta za ka faɗa.”

“Yana jikin takardar.”

“Rantsuwa ce, Baba. Da bakinka za ka faɗa, ni in rubuta.”

Gumi ya karyo masa. Ya dubi fanka, ya dubi taga, ya dubi ƙafafunsa. Mutanen da ke bayanmu suka fara gunaguni. Ni kaina sai da na ji kamar in ce a bar shi, amma ban ce ba. Can ya buɗe baki, a hankali, kamar mai ɗaga dutse.

“Raihanatu.”

Haka aka raɗa mini ranar suna, ashe, ban taɓa jin kowa ya kira shi cikakke ba. Magatakarda ya ce, “'Yarka ce ta cikinka?” Ya ce, “Tawa ce.” Ya dangwala yatsa, ya goge a jikin rigarsa ta Juma'a, ya fita. Da na fito da takardar ban same shi ba, an ce ya riga ya hau babur.

Kafin in isa Sule Tankarkar an tashi daga aiki. Juma'a tun bakwai ina bakin ofis. Malam Habibullah bai ɓata lokaci ba, kafin tara ya gama buga takardar, saura sa hannu. Mai sa hannun yana wurin wani taro, aka ce yana hanya. Na zauna a baranda ina kallon inuwar bishiya tana janyewa. Ya iso bayan an sauko daga masallaci, bai ma zauna ba ya sa hannu a tsaye, ya ce Allah ya ba da sa'a. Ƙarfe biyu da rabi. Daga nan zuwa jami'ar tafiyar awa uku da rabi ce, in mota ta cika da wuri.

Na san lissafin bai fita ba, amma na tafi. Na isa rana na shirin faɗuwa, na sami ƙofar ofishin a kulle, an manna sanarwa cewa an rufe tantancewa. Na sauka a gidan wata ƙawata, Litinin na koma. Matar da na samu a ofishin ta saurare ni har ƙarshe, ta karanta indijin ɗin, ta karanta rantsuwar, ta ce takarduna sun cika, ba abin da ya rage. Sai dai tun yammacin Juma'a aka tura sunaye, gurbina an ba wanda ke bina a layi, kuma ba ta da ikon cire ɗan wani. Ta ce in sake gwadawa baɗi, tunda yanzu ina da komai.

Ban yi kuka a gabanta ba. A tasha na yi, na yi mai isata, har wata tsohuwa mai sayar da ruwa ta tambaye ni wa ya rasu.

Baɗin ta zo, na sake rubutawa, karo na huɗu. Na ci ɗari biyu da talatin da tara. Ko layin 'yan jiha bai kai ba. Ban yi mamaki ba, don duk shekarar in na buɗe littafi ba abin da ke shiga kaina. Yanzu ina koyar da 'yan aji uku a wata makarantar kuɗi a bayan tasha. Takardar indijin tana cikin akwati, an lulluɓe ta da roba, ba ta da ko lanƙwasa ɗaya. Wani lokaci nakan ce zan sake gwadawa, amma ni kaina ba na yarda da kaina in na faɗa.

Baba ya daina maganar lokotoro. Ba ya fushi da ni, kullum da safe sai ya amsa gaisuwata da fara'a, sai dai in baƙo ya tambaye shi wace ce wannan, yakan ɗan yi jim kafin ya amsa. Kawu kuma tun ranar Gumel in ya ji na zo Ɗanzomo sai ya tsiri aiki a gona. Mutum uku na sa suka faɗi abin da suka shekara ashirin suna kaffa-kaffa da shi, a kan kujerar da ban zauna ba ko na minti ɗaya. Wannan shi ke cina, ya fi rashin karatun ciwo.

Ana saura kwana huɗu babbar Salla, ina wanke-wanke a bakin rariya, Inna ta fito ta tsaya a kaina. 

Ta ce, “Rayhana, bana a ina za ki yi Salla? Nan, ko wajen iyayenki?”

Na ajiye kwanon da ke hannuna. Na ce, “Inna, wace irin magana ce wannan? Ina na taɓa yin Salla in ba nan ba?”

Ta ce, “To.” Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. “Bari dai in aika a tambayi Manu, ko ya yarda.”